Rolls-Royce Ba Ta Shiga Lungu



A yawancin labaranmu, da zarar an so nuna mutum mai hali ne, sai a fito da shi daga dalleliyar Rolls-Royce ko Jaguar, a wuce. A ganina wannan ganda ce. Mota tana da zamaninta da ƙirarta, tana da inda take shiga da inda ba ta shiga. Mai karatun da ya san mota, kuskure ɗaya ya isa ya sa ya ajiye littafinka.

Mu duba motocin Ingila, tunda su muka fi ara. Charles Rolls da Henry Royce sun haɗu a 1904. Har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, inji da ƙashin mota kawai kamfaninsu ke sayarwa. Mai saye shi zai kai wa maƙera irin su Hooper ko Park Ward su yi mata jiki yadda yake so, kamar mai kai shadda wurin tela. Shi ya sa da wuya a samu tsofaffi biyu iri ɗaya sak. To, wane irin jiki tauraronka ya sa aka yi wa tasa? Amsar kaɗai za ta nuna halinsa.

Jaguar E-Type kuwa a 1961 ta fito: inji mai silinda shida, lita 3.8, birkin faifai a ƙafa huɗu, kujera biyu tak, cikinta dab da ƙasa. Don gudu a kan kwalta aka yi ta. Kawo ta birnin Zazzau: za ta shigo ta Ƙofar Doka, ta zaga Babban Dodo, ta isa ƙofar Fada. Amma idan gidan budurwar yana can cikin lungun Kwarbai, dole ta tsaya a bakin titi, ita da Rolls-Royce ɗin duka. Mai ita ya tattare babbar riga, ya tsallake kwata da ƙafa, yara sun yanyame motar suna leƙen sitiyari. Ashe ga labari nan da muke zubarwa.

Motar Ingila da ta fi sanin hanyoyinmu ma ba ta alfarma ba ce. Land Rover ce, wadda ta fito a 1948 da jikin alminiyom saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi, ƙafafunta huɗu duk suna ja. Ita ce ta kai Di'o da ma'aikatan En'e rangadi.

Sai batun hannu. Kafin 2 ga Afrilu, 1972, a hagu ake tuƙi a Nijeriya, sitiyari yana dama, irin na Ingila. Idan labarinka a 1965 yake, ka sa direba ya sauko ta hagu, ka yi wa tarihi ƙarya. Idan na 1980 ne, Fijo ce ta cika titi, tunda a 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna.

Wani zai ce mai karatu soyayya ya zo nema, ba darasin kanikanci ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a cika shafi da sunayen ƙarafa ba. Abu ɗaya na gaskiya, a inda ya dace, ya wadatar. Amma sai ka san goma kafin ka iya zaɓar ɗayan.

Tsofaffin direbobi da kanikawan da suka taɓa waɗannan motoci da hannunsu suna nan a Tudun Wada da Sabon Gari, kullum raguwa suke. Kafin ka sake ba tauraronka makulli, je ka gaishe da ɗaya daga cikinsu, ka zauna ka saurara. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ƙara mana basira.