Teku Tana Nesa, Fadama Tana Kusa

Ya ku 'yan'uwa, da yawa daga cikinmu in hutu ya gabato ba su da zance sai na Ikko da bakin teku. Mu kuwa mutanen Taura muna ganin wannan bai kamaci mai shirin zama malami ba. Ga Kogin Haɗejiya kusa da mu. Wanda ya bi shi gabas har Baturiya da hunturu, zai tarar da tsuntsayen da suka ƙetaro hamada daga Turai suna kiwo tare da dinya da kirinjijiya. Ya ci gasasshiyar tarwaɗa wurin masunta, ya sha fura da nono a rugar Filani.

Amma fa ni'imar nan tana ja da baya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, da ta Challawa cikin 1992, ambaliyar da ke ciyad da fadamar ta ragu, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. To, yaron da bai taɓa ganin wurin ba, ƙaƙa zai ji zafin lalacewarsa in ya girma? Saboda haka muna roƙon malamanmu su kai mu bana, domin mu ma mu kai almajiranmu baɗi. Allah ya sa a ji, amin.