Tagulla Ba Ta Sukuwa: Me Mutum-mutumin Zakaran Doki Yake Iya Faɗa?

Duk wanda ya taɓa sauraron waƙar Dokin Iska Ɗanfilinge ta Ibrahim Narambaɗa ya san wani abu game da dokin da bai taɓa gani ba. Dokin ya mutu tun da daɗewa, mai dokin ya rasu, makaɗin ma ya rasu, amma da zarar kotso ya tashi sai ka ji kamar ƙura ce take turnuƙe filin sukuwa. Haka Bahaushe yake adana zakaran doki, da kirari da kiɗa.

Mutanen Ingila da Ailan da Amurka da Ostireliya kuwa tagulla suke narkawa. A filin Aintree akwai mutum-mutumin Red Rum, wanda ya ci gasar Grand National a 1973 da 1974 da 1977. A Cheltenham akwai na Arkle, a Flemington akwai na Phar Lap, shi kuwa Secretariat na Amurka nasa sun fi ɗaya. Jama'a suna zuwa su ajiye furanni, su shafa hancin tagullar, su ɗauki hoto. Tambayar da ta dame ni ita ce: waɗannan abubuwa fasaha ce ta gaske, ko kuwa kofin gasa ne aka ƙara masa girma aka kafa a fili?

Ra'ayina shi ne yawancinsu kofi ne. Kaɗan daga cikinsu ne suka kai matsayin fasaha, kuma abin da ya ɗaga waɗannan kaɗan ɗin shi ne yawan gaskiyar da suka yarda su faɗa game da nasarar da ake tunawa.

Na san akwai mai karatun da zai tsaya a nan ya ce mene ne ruwanmu da gumaka, balle na dabbar da ake caca a kanta. Matsayin mafi yawan malamanmu a kan sassaƙa siffar abu mai rai sananne ne, kuma ba shi na zo tattaunawa ba, ban kuma zo neman a kafa irinsu a garuruwanmu ba. Amma abin da al'umma ta zaɓi ta zuba a tagulla, da abin da ta bari a waje, yana bayyana halinta fiye da jawaban shugabanninta. Wanda ya iya karanta wannan zai iya karanta sunayen tituna da dakunan taro da waƙoƙin yabo na gida da ido ɗaya.

Matsalar gudu

Darajar dokin sukuwa gaba ɗaya tana cikin daƙiƙoƙi ne. A watan Yunin 1973 Secretariat ya yi gudun mil ɗaya da rabi na gasar Belmont cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya ba na biyu tazarar tsawon doki 31. Wannan shi ne abin da ake so a tuna, kuma shi ne ainihin abin da tagulla ba ta iya riƙewa, domin ita a tsaye take.

Masu zane sun daɗe suna kokawa da wannan. Kafin zuwan kyamara, sukan zana doki mai sukuwa da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, yana shawagi kamar tsuntsu. Haka Théodore Géricault na Faransa ya zana tseren Epsom na 1821. A 1878 sai Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gonar Leland Stanford a Kalifoniya, hotunansa suka nuna cewa lallai akwai lokacin da kofatai huɗu suke barin ƙasa, amma a lokacin ƙafafun a tattare suke a ƙarƙashin ciki. Siffar da aka saba zanawa babu ita a zahiri. Masassaƙi Auguste Rodin ya tsaya wa Géricault, da hujjar cewa lokaci ba ya tsayawa a rayuwa, saboda haka hoton da ya daskarar da ƙiftawar ido guda shi ne ya kauce wa abin da ido yake gani, mai zane kuwa yana haɗa farkon motsi da ƙarshensa a siffa ɗaya.

Ina ganin Rodin ya taɓo wurin. Masassaƙin da ya kwafi hoton kyamara daidai-wa-daida yakan ba mu doki da aka rataye a iska, kowace jijiya a wurinta, amma babu gudun. Idan da kamanni ne ma'auni, da babu wanda zai kai masu cusa fata. Ainihin fatar Phar Lap, wanda ya ci kofin Melbourne a 1930 ya mutu a Kalifoniya a 1932, tana tsaye a gidan tarihi na Melbourne, ƙasusuwansa suna Wellington, zuciyarsa tana Canberra. Babu tagullar da za ta fi fatar nan kama da shi. Duk da haka abin da fatar take gaya maka shi ne girmansa da launinsa, sannan ta yi shiru.

Shi ya sa wasu gwanaye suka haƙura da gudun baki ɗaya. Man o' War ya ci tsere 20 cikin 21 a 1919 da 1920. Da Herbert Haseltine ya tashi yin mutum-mutuminsa, wanda yanzu yake bisa kabarin dokin a Kentucky Horse Park kusa da Lexington, sai ya tsayar da shi cik, babu sirdi babu mahayi, kai a ɗage, yana hangen nesa. Ƙarfin yana cikin wuya da kafaɗa da tsayuwar ƙafa, kamar ɗan dambe kafin a buga kalangu. Wannan dabara ce mai kyau, kuma aikin yana da kwarjini. A tarihin Turai doki karaga ce ta mai mulki, kamar yadda yake a ƙarƙashin Marcus Aurelius a Roma. Haseltine ya sauke sarkin ya naɗa dokin. Amma sarauta ce ta wanda bai taɓa gumi ba, kuma a nan ne nake fara jayayya da shi.

Abin da nasara take ci

Mafi kyawun mutum-mutumin dokin tsere da na sani ya haura shekara dubu biyu. An tsamo gutsattsarinsa daga wani jirgin ruwa da ya nitse kusa da Artemision a Girka, aka haɗa su, yanzu yana gidan tarihi na birnin Atina. An zuba shi wajen shekara 140 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙaton doki ne ya miƙa ƙafafun gaba, kunnuwa a kwance, hanci a buɗe, jijiyoyi sun fito. A bayansa wani ɗan ƙaramin yaro ne, babu sirdi babu likkafa, ya ɗan juya kai, fuskarsa cike da wahala da fargaba. Masana da yawa suna ganin siffar ɗan Afirka a fuskar yaron. A gasannin Girkawa na dā, mai doki ake ba kambun nasara, mahayi kuwa sau da yawa bawa ne ko ɗan haya. Mai yiwuwa wani attajiri ne ya biya kuɗin aikin don a tuna da nasararsa. Sunansa ya ɓace, abin da ya rage shi ne tsoron yaron da numfashin dokin. Masassaƙin ya karɓi kuɗin yabo, ya kuma saka gaskiya a ciki.

Irin wannan gaskiya ba kullum masu biya suke sonta ba. George Stubbs na Ingila, wanda ya yi wata 18 yana feɗe gawawwakin dawaki don ya san yadda aka gina jikinsu, ya zana Hambletonian bayan ya ci wani tsere mai tsanani a Newmarket a 1799. Bai zana shi yana tsallake layin ƙarshe ba. Ya zana shi bayan an gama, a gajiye, a fusace, ɗan barga yana goge masa gumi. Sai da Stubbs ya kai mai dokin kotu kafin ya sami kuɗin aikinsa. Yau ana lissafa zanen cikin manyan ayyukansa.

Sai mu auna mutum-mutumin Barbaro da wannan ma'auni. Barbaro ya ci Kentucky Derby a 2006. Bayan mako biyu, a gasar Preakness, ƙafarsa ta baya ta dama ta farfashe a gaban dubban 'yan kallo. An yi wata takwas ana jinya, ciwon kofato ya kama shi, a ranar 29 ga Janairun 2007 likitoci suka kawo ƙarshen wahalarsa. A 2009 aka buɗe mutum-mutuminsa da Alexa King ta yi a ƙofar filin Churchill Downs, tokarsa a binne a ƙarƙashi. Aikin gwaninta ne: doki da mahayi suna iska, kofatai huɗu ba sa taɓa ƙasa, shingen filin tsere ne yake ɗauke da nauyin tagullar duka. An kuma kafa shi a wajen ƙofa, inda kowa zai iya ziyarta ba tare da sayen tikiti ba.

Yabon gwani ya zama dole, amma baƙon da bai san labarin ba zai wuce bai san cewa wannan gudun ne ya kashe dokin ba. A bazarar 2023 dawaki 12 suka mutu a wannan fili cikin 'yan makonni, har aka mayar da sauran tseren zuwa wani fili. Barbaro na tagulla yana nan a ƙofa yana tashi sama, da ƙafafu huɗu lafiyayyu. Ga masu makoki, ta'aziyya ce. Ga masu filin, talla ce. Aikin da zai iya zama talla ga abin da ya hallaka wanda ake tunawa, akwai abin da ya ɓoye.

Hannun da ya riƙe ragama

Babu dokin da yake kai kansa filin sukuwa. Akwai wanda yake tashi da asuba ya ba shi ruwa da harawa, ya share turke, ya shafa ƙafafunsa yana laluben zafi, ya kwana a barga idan ba shi da lafiya. A Kentaki, shekaru da yawa, waɗannan hannaye na baƙar fata ne. A Kentucky Derby ta farko a 1875, mahaya 13 cikin 15 baƙar fata ne, kuma su suka ci 15 daga cikin gasanni 28 na farko, kafin wariya ta kore su daga kan sirdi ta bar su a barga.

Isaac Murphy ya ci Derby sau uku, a 1884 da 1890 da 1891. Ya rasu a 1896, kabarinsa ya ɓace wa jama'a shekaru masu yawa. Da aka gano shi, sai aka tono ƙasusuwansa a 1967 aka sake binne su kusa da Man o' War. Dokin kuwa da ya mutu a 1947, an saka shi a akwati, an watsa jana'izarsa a rediyo. Will Harbut, baƙar fatan da ya kula da shi shekaru da yawa, wanda labaran da yake ba maziyarta suka ƙara wa dokin suna, ya riga shi mutuwa da kimanin wata guda. Babu shi a tagullar Haseltine. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda wannan ne nake fifita mutum-mutumin Secretariat da Edwin Bogucki ya yi, wanda aka buɗe a 2004 a wannan wurin shaƙatawa na Kentaki, a kan waɗanda suka nuna shi yana gudu. Bogucki ya zaɓi 'yan mintocin da suka biyo bayan cin Derby. Dokin yana rawar ƙafa, jininsa bai kwanta ba, Ron Turcotte yana sama, a ƙasa kuma Eddie Sweat, ɗan bargarsa, yana riƙe da shi yana lallashi. Gudun yana nan, amma a matsayin abin da ya riga ya wuce ya bar zafinsa a jiki, kuma wannan tagulla tana iya ɗaukarsa. Ƙarfin dokin yana bayyana ne ta ƙoƙarin mutumin da yake tare shi. Sweat ya rasu a 1998 ba tare da abin hannu ba, bai ga aikin ba. Amma duk yaron da ya tsaya a gabansa zai tambayi wane ne wannan mutum na ƙasa, kuma tambayar ita ce ribar aikin.

Za a iya ce mini na ɗora wa abin tunawa nauyin da ba nasa ba, tunda wanda ya je kabari ba shari'a ya je saurara ba, kuma masoya suna da haƙƙin tuna dokinsu a ranar da ya fi kyau. Na yarda da rabin wannan. Ba na neman a zuba karyayyar ƙafa a tagulla, kuma ta'aziyya ba ƙaramin abu ba ce. Sai dai tambayar da muka fara da ita ta darajar fasaha ce, kuma yaron Artemision da Eddie Sweat sun nuna cewa yabo da gaskiya suna iya zama a gindi ɗaya ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba. Wanda ya iya haɗa su ya fi wanda ya zaɓi mai sauƙin.

Ta fuskar gudu, ina ganin makaɗi ya fi masassaƙi sa'a, domin waƙa tana tafiya cikin lokaci kamar yadda doki yake tafiya, tana iya hanzari tana iya ja da baya. Ta fuskar wanda ake tunawa kuwa, ba mu da bakin yi wa kowa dariya. A hawan sallah mai zuwa, idan ingarma ya wuce da kayan ado ana yi wa mahayinsa kirari, a duba mutumin da yake tafe a ƙasa cikin ƙura yana riƙe da ragama, a tambayi sunansa.