Kwamishina, Ƙofar Majalisa A Buɗe Take

'Yan uwa, a watan Yulin 2024 Majalisar Tarayya ta gyara Dokar 'Yan Sanda ta 2020 cikin gaggawa, don Sufeto Janar ya cika shekara huɗu a kujera ko da ya kai shekarun ritaya. To, ina irin wannan saurin in ana maganar talakan da ke kulle a caji ofis?

Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama mutum a madadin wani, ta kuma umarci majistare ya riƙa duba wuraren tsare mutane duk wata. Kaduna ta yi irinta a 2017, Kano a 2019. Amma har yau akan tafi da uba in ba a sami ɗa ba.

In da gaske shugabannin 'yan sanda na son gyara, hanya a fili take. Kwamishina ya je Majalisar Dokokin jiha da ƙafarsa ranar jin ra'ayin jama'a, ya faɗi mutum nawa ke tsare, kwana nawa suka yi, me ya hana kai su kotu. In kuɗin mai ne babu, ya faɗa a gaban kowa, a sa a kasafi. Wannan ya fi raɗa a gidan gwamnati.

Ku kuma matasa, ku aka fi kamawa. Ku nemi ranar zaman, ku rubuta kokenku, ku halarta cikin natsuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.