Keken Lantarki A Ƙasar Kurfai: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Tura Kuɗi

Duk mai buɗe TikTok ko Facebook ya saba ganin bidiyon keken nan mai manyan tayoyi da batir a ƙirjinsa, yana hawan dutse ba tare da mahayinsa ya yi gumi ba. A Turai kayan shaƙatawa ne na ranakun hutu. Ga ɗan Filinge da ke neman kuɗi a Abidjan, Lome, Legas ko Faransa, wanda ke son aika wa ƙaninsa abin hawa, maganar ta wuce wasa. Malamin makaranta da ke zuwa ƙauye kullum, da mai lambu a Dallol Boso, da ɗan kasuwar da ke kai kaya Tukunus ko Cikal, dukansu suna buƙatar abin da zai kai su ya dawo da su a kan yashi, cikin zafi, kuma ba tare da ya ja musu matsala da jami'an tsaro ba.

Filinge tana da nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai, a kan hanyar da ta bi ta Balleyara. Manyan kamfanonin kekunan lantarki sun kafa shagunansu da cibiyoyin gyaransu ne a Turai, Amurka da Asiya. Mai saye daga Kurfai kusan kullum zai yi cinikin kifi a ruwa ne: ya ga hoto, ya biya, ya zauna jiran kaya. Wannan ne ya sa lissafinsa ya bambanta da na mai saye a birnin Paris.

Abin da ya kawo maganar

Abubuwa uku ne suka sa keken lantarki ya zama abin dubawa a yankin. Na farko dokar hana zirga-zirga da babura. Tun ranar 1 ga Janairun 2020 hukumomi suka haramta hawa babur a jihar Tillaberi, saboda da shi 'yan bindiga ke kai hare-hare, kuma a farkon wannan shekarar aka saka gundumar Filinge cikin dokar ta-ɓaci. An sassauta haramcin a watan Satumban 2021, bayan 'yan makonni aka maido da shi a wasu sassan jihar. 'Yan kabu-kabu da makanikai sun rasa sana'a, majinyata kuma suka koma hawa amalanke zuwa asibiti.

Na biyu man fetur. Lokacin da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, man sumoga mai araha da ke cike giɓi a Nijar ya yi tsada. Gwamnati ta rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, amma a watan Maris na 2025 aka shiga ƙarancin mai da ya sa dogayen layuka a Yamai da sauran birane, domin abin da matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa bai wadatar da ƙasa ba.

Na uku hasken rana. Farantan sola sun shiga ƙauyuka, ana cajin waya da su, ana jan ruwa a lambuna. Wanda ke da rana kyauta a kansa dole ya yi tunanin abin hawan da zai ci daga gare ta.

Keke ne ko babur?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce masu talla ba sa taɓawa. A ƙa'idar Tarayyar Turai, ana ɗaukar abin hawa a matsayin keke idan ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, injin ba ya taimakawa sai mahayi yana taka feda, kuma yana yanke taimakon da zarar an kai gudun kilomita 25 a awa. Da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa da araha a intanet sun ƙetare wannan iyaka: injin wat 750 ko 1,000, da totur a hannu irin na babur, da gudun da ya haura kilomita 40.

A yankin da ake hana babur saboda tsaro, wannan bambanci na iya zama na rai da mutuwa. Sojan da ya hango abu mai ƙafa biyu yana tahowa da gudu cikin ƙura, ba tare da ƙara ba, ba shi da lokacin auna ƙarfin inji. Saboda haka matakin farko shi ne a je ofishin prefe da na jandarma da hoton keken da bayanansa, a ji matsayinsu, a nemi amsa a rubuce idan zai yiwu, tun kafin a biya ko dala ɗaya. Keken da ya yi kama da keke, mai feda kuma marar totur, ya fi sauƙin bayani a shingen bincike. Kuma ko da an yarda da shi, ba ya sauya yanayin hanya: inda mutane suka daina bi saboda tsoro, keken lantarki ma ba zai bi ba.

Batir shi ne rabin kuɗin

Ana auna batir da wat-awa, wato a ninka bolt da amfiya-awa. Batir mai bolt 36 da amfiya-awa 14 yana ɗauke da wat-awa 504. Mai bolt 48 da amfiya-awa 13 yana da 624. A kan kwalta, idan mahayi yana taka feda sosai, keke na iya cin wat-awa 10 a kowane kilomita. A kan yashi, da kaya a baya, cin na iya ninkawa. Ke nan batirin da aka rubuta a talla cewa yana yin kilomita 80 zai iya tsayawa a 25 ko 30 a hanyoyin ƙauyen Kurfai. Daga Filinge zuwa Tukunus kimanin kilomita 20 ne, zuwa da dawowa 40. Wanda zai riƙa yin irin wannan tafiya ya nemi batirin da ya kai wat-awa 600 ko fiye, ko kuma ya tanadi wurin caji a can. Keken da batirinsa ya ƙare yana da nauyin kilo 22 zuwa 25, mai ƙatuwar taya ma ya fi haka, kuma tura shi cikin rairayi da tsakar rana aiki ne.

Sai zafi. Batirin litiyom ba ya son a caja shi a zafin da ya wuce digiri 45, kuma ajiye shi cikin zafi yana rage masa kwana. A watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa a Tillaberi yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Don haka a zaɓi keken da ake iya cire batirinsa, a caja shi da asuba ko da dare a wuri mai iska, a bar shi ya huce bayan tafiya kafin a jona shi. Kada a caja shi kusa da katifa, zana ko rumbu, kada kuma a bar shi a jone a kwanta barci. A birnin New York kaɗai, gobarar batiran litiyom ta kashe mutum 18 a 2023, akasari daga batira da caja marasa inganci. A garin da motar kashe gobara ke nesa, araha ba ta ado.

Wutar caji ma abin lissafi ce. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da aka katse ta a watan Agustan wannan shekarar, yammacin ƙasar ya sha duhu na watanni, duk da cewa tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen shekarar. Darasin shi ne kada a dogara da layi ɗaya. Farantin sola mai wat 300, tare da na'urar juya wuta mai kyau, zai iya cika batirin wat-awa 500 cikin rabin yini. Sai dai rabin yinin nan shi ne lokacin da ake buƙatar keken a hanya, kuma shi ne lokacin zafi. Mai son caji da dare daga sola sai ya ƙara kuɗin batirin ajiya.

Shin ya fi babur sauƙi?

A nan ne masu yawa ke yin kuskure. Ƙaramin babur yana shan kimanin lita biyu zuwa biyu da rabi a kilomita 100, wato sefa 1,000 zuwa 1,250 a farashin gwamnati. Keken lantarki a wannan nisa zai ci wajen kilowat-awa ɗaya da rabi, kwatankwacin abin da firiji ke sha a yini ɗaya ko biyu. Har nan keken ne a gaba. Amma batir yana tsufa. Bayan an cika shi an sauke sau 500 ko makamancin haka, ƙarfinsa yana raguwa a fili. Idan kowane caji yana ba da kilomita 35, jimilla kilomita 17,500 ke nan. Sabon batirin manyan kamfanonin Turai yana kai yuro 500 zuwa 700, kimanin jaka 330 zuwa 460 na sefa. A ɗauki jaka 400 a raba: kowane kilomita 100 ya ci sama da sefa 2,200 na tsufan batir kaɗai, kusan ninki biyu na kuɗin man babur. Sai da batir mai rabin wannan farashi lissafin ke zuwa kunnen doki.

Abin da keken lantarki ke sayarwa ke nan shi ne 'yanci daga layin gidan mai da kuma damar tafiya inda aka hana babur, idan hukuma ta amince. Wanda ya saye shi da niyyar tara riba daga kuɗin mai zai yi mamaki a shekara ta uku.

Wa zai gyara shi?

Injinan keken lantarki iri biyu ne. Akwai wanda ke tsakiya, wurin feda, irin na Bosch, Shimano da Yamaha. Ya fi iya hawan tudu, ya fi tattalin batir, amma yana cin sarƙa, kuma idan ya nuna alamar matsala sau da yawa sai an jona shi da kwamfutar dillalin kamfanin. Batirinsa ma ba ya karɓar na wani. Akwai kuma wanda ke cikin cibiyar tayar baya, wanda kamfanonin Sin irin su Bafang suka cika duniya da shi. Bai kai na farko daɗin hawa ba, amma sassansa a buɗe suke: mai gyaran sola ko rediyo da ya iya aiki da mita zai iya gano wayar da ta tsinke, ya sauya akwatin sarrafa wuta. A ƙasar Sin kekunan lantarki sun haura miliyan 300, shi ya sa kayan gyaran irin wannan tsari suka fi yawa da araha.

Ga mazaunin Filinge, na biyun ya fi dacewa. Keken yuro 2,000, wato sama da sefa miliyan ɗaya da jaka 300, wanda ƙaramar na'ura ɗaya za ta ajiye shi wata shida a zaure, bai kai amfanin wanda makanikin bakin kasuwa zai buɗe ya rufe ba. Haka zancen taya. Mai faɗin inci huɗu tana tafiya a kan yashi, amma tana ƙara cin batir, kuma samun tayarta da tub ɗinta sai an yi oda. Mai inci 26 ta gama-gari ita ce ake samu wurin masu faci. Ƙayar aduwa da tsidau ba sa raga wa kowace, saboda haka a haɗo da tub huɗu ko biyar, ruwan toshe huji, takalman birki, sarƙa da caja ta biyu tun a odar farko. Birki mai waya ya fi na mai sauƙin gyara a gari, kuma keken da ba shi da sifirin a baya ya fi jure ƙura da ɗaukar kaya.

Ta ina zai shigo?

'Yan ci-rani su lura: ba a ɗaukar batirin keke a jirgin fasinja. Ƙa'idar jiragen sama ta tsaya a wat-awa 100, ko 160 da izinin kamfani, batirin keke kuwa ya ninka haka sau uku ko huɗu. Wanda ya iso filin jirgi da shi zai bar shi a can. Sai dai a aiko shi ta jirgin ruwa ko ta kamfanin da ke da izinin dakon kaya masu haɗari. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji, lamarin da ya ƙara kwanaki da kuɗin dako, ban da na duwan. Duk wannan sai a ɗora shi a kan farashin da aka gani a waya.

Akwai hanya ta uku da ta fi sauƙin aljihu: a sayi keke mai ƙarfi a Yamai, ko a yi amfani da wanda ake da shi, a sa masa inji da batir da ake sayarwa daban. Idan injin ya mutu, keken yana nan. Wanda kuma ya samu na hannu, ya hau shi har batirin ya ƙare ya ga nisan da ya yi, domin fenti ba ya nuna shekarun batir.

A Benin da Togo, kamfanin Spiro ya warware matsalar baburan lantarki ta hanyar buɗe wuraren musayar batir, inda direba ke ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke. Wannan tsari yana buƙatar birni mai cunkoso da wuta tsayayya. A Kurfai abin da zai yi aiki ya fi wannan ƙanƙanta: matasa biyar ko goma su sayi iri ɗaya, mai bolt ɗaya da caja ɗaya, su haɗa odar kayan gyara, su tura mutum ɗaya ya koyi aikin a Yamai ko Kano. Mai aiko da kuɗi daga waje ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya tanada don kayan gyara da batirin gaba, kuma kada ya biya sai ƙanin nasa ya dawo daga ofishin prefe da amsa.