Adalcin da muka nema a Uromi, mu fara shi daga gida

Jama'a, a watan Maris na 2025, lokacin da 'yan sintiri suka tare mota a Uromi ta jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, kowa a Arewa ya fusata, kuma da gaskiyarmu. An kashe su ne don an ga Hausawa da bindigogin farauta, nan take aka yanke cewa masu garkuwa ne. 'Yan sanda sun kama mutane, Gwamna Okpebholo ya taka har Kano ta'aziyya, mu kuma muka ce ba ta'aziyya muke so ba, kotu muke so.

To, wanga ma'auni da muka auna Edo da shi, mu ɗora kanmu a kai.

Ranar 22 ga Agusta 2016, a nan Talata Mafara, aka zargi wani ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ɓatanci, aka yi masa dukan kawo-wuƙa. Wani bawan Allah ya ɗauke shi zuwa asibiti. Gungun mutane suka je suka cinna wa gidan wanda ya yi taimakon wuta, rayuka takwas suka salwanta. Babu Musulmin da zai yarda a taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW). Amma su waɗannan takwas ɗin, wane alƙali ne ya saurare su? A jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, zartar da hukunci a titi raina Shari'ar ne da kanta. An sa dokar hana fita, Shugaba Buhari ya yi Allah wadai. Haƙƙinmu ne gwamnati ta fito ta gaya mana inda shari'ar ta kwana.

Sai maganar da ba mu son yi. Ɓarayin daji sun kashe mana mutane, sun hana noma, sun kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a 2021. Wanda bai kwana da wanga tashin hankali ba, kada ya koya mana haƙuri. Duk da haka, mun san akwai Bafulatanin da ya zo cin kasuwa bai koma gida ba, laifinsa kawai kamanninsa da harshensa. Mun kuma san ƙauyukan da aka ƙone a matsayin ramuwa, aka kashe Hausawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Duk ranar da aka kashe marar laifi, an ba ɓarayi sabon yaro kyauta.

Ita gwamnati ba a rasa ta da matakai. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini. A 2019 Sanata Sabi Abdullahi ya kawo ƙudurin kalaman ƙiyayya har da hukuncin rataya, ya maƙale a majalisa. A 2020 hukumar NBC ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa naira miliyan 5. A Zamfara an kafa kwamitin M.D. Abubakar a 2019, an haramta 'yan sa-kai, an toshe layukan waya an rufe kasuwanni a 2021, sannan a Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Doka kam ga ta nan birjik. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutum ya ga an gurfanar da wanda ya kashe ɗan'uwansa, ko wane ne shi, ko wa ya tsaya masa.

Shawarata uku ce. Na ɗaya, duk wanda Askarawa ko 'yan banga suka kama, a miƙa shi ga 'yan sanda a rubuce, da sunan wanda ya kama shi. Na biyu, Ma'aikatar Shari'a ta riƙa sanar da jama'a a rediyo shari'o'in kisan taron dangi da inda aka kai. Na uku, sarakunanmu na Mafara, Bakura da Maradun su zauna da ardo-ardo da sarakunan kasuwa, a san wanda mutum zai kai wa ƙara ba tare da tsoro ba.

Wani zai ce siyasa nake yi. A'a. Yarima ɗan Bakura ne, Yari na Mafara ne, Matawalle ɗan Maradun ne. Yankinmu ya riƙe gwamna shekara 20, don haka ba mu da bakin cewa daga nesa aka yi mana sakaci.

Mu ma masu riƙe da waya, a kula. Kafin ka tura wancan saƙon murya na WhatsApp mai cewa "duk cikarsu ɗaya ne", ka tuna haka aka faɗa a kanmu a Uromi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wanga bala'i. Wanda ke da ja, ga fili nan, amma don Allah ban da zagi.