Jirgin Wasan Yara: Wa Ke Duba Ƙusoshinsa?

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na ɗebi yarana da na ƙanena daga Jahun zuwa wani wurin shaƙatawa a ɗaya daga cikin manyan biranenmu, domin cika alkawarin da na daɗe ina yi masu. A cikin kayan wasan da ke wurin babu wanda ya ja hankalinsu kamar wani ƙaramin jirgi da ke kewaya filin a bisa dogo guda ɗaya, wanda aka ɗora kan ginshiƙan ƙarfe. Muna cikin layi sai idona ya kai ga gindin ginshiƙan, na ga tsatsa ta ci su har suna ɓarewa, ƙofar tarago ɗaya kuma da waya aka ɗaure ta. Na tambayi saurayin da ke tuƙa shi ko yaushe rabon da injiniya ya duba wannan jirgi. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tun da na kama aiki bai taɓa lalacewa ba." Na janye yaran suna kuka, muka dawo gida suna fushi da ni. Amsar wannan saurayi ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Mai karatu zai lura cewa tambayar da na yi daban, amsar da na samu daban. Ni dubawa na tambaya, shi kuwa lalacewa ya ba ni labari. A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe da lura cewa a maganarmu ta yau da kullum, har ma a takardun kasafin kuɗi da ake fassarawa, kalmar "gyara" ta mamaye gurbin kalmar "kulawa". Gyara yana zuwa ne bayan abu ya ɓaci. Kulawa kuwa aiki ne da ake yi wa lafiyayyen abu domin kada ya ɓaci. A keke ko injin niƙa wannan ruɗani asarar kuɗi kawai yake jawowa. Amma a na'urar da ke ɗaga 'ya'yan mutane sama, ranar da za ta nuna tana buƙatar gyara ita ce ranar jana'iza.

Kada a ɗauka talauci ne kaɗai ke jawo haka. Wurin wasa na Walt Disney World da ke jihar Florida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1971, yana da irin wannan jirgi mai dogo ɗaya, yana tafiya da tayoyin roba a kan gadar kankare mai tsawon fiye da kilomita 20. A watan Yunin 1985 wata taya ta sace, ta yi ta gogar kankare har taragon ƙarshe ya kama da wuta. Sai da fasinjoji suka fasa tagogi suka hau rufin jirgin kafin 'yan kwana-kwana su sauko da su. A daren 5 ga Yuli, 2009, jirage biyu suka yi karo, matuƙi ɗan shekara 21 ya rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa ba a karkatar da mahaɗar dogon yadda ya kamata ba, kuma wanda ya ba da umarnin jirgin ya ja da baya ta rediyo bai ma kasance a ɗakin lura ba. A farkon 2018 kuma aka ga hoton bidiyon jirgin yana gudu da ƙofa a buɗe, fasinjoji na ciki. Taragun da aka gani a bidiyon nan samfurin da ya fara aiki ne tun 1989. Idan kamfani mai irin wannan dukiya da ɗimbin injiniyoyi zai yi tuntuɓe, ina ga mai wurin wasan da ya sayo kayansa na hannu daga Turai ko Sin, ba tare da littafin masana'anta ba?

Akwai darussa biyu da suka fi wannan ɗaci. A birnin Wuppertal na Jamus akwai jirgi mai rataye a dogo ɗaya da ke aiki tun 1901, wanda ya kusa cika shekara ɗari ba tare da mummunan haɗari ba. A ranar 12 ga Afrilu, 1999, ma'aikatan da suka yi aikin dare suka manta wani maƙalin ƙarfe a kan dogon. Jirgin farko na safe ya buge shi, ya faɗa kogi, mutum 5 suka mutu. A Italiya kuwa, ranar 23 ga Mayu, 2021, igiyar keken sama na dutsen Mottarone ta tsinke, mutum 14 suka hallaka. Birkin gaggawa da zai riƙe taragon ya kasa kamawa, domin da gangan aka toshe shi saboda yana yawan tsayar da aiki yana hana ciniki. A duk waɗannan wurare ƙarfe bai ci amanar kowa ba. Mutane ne suka yi gaggawa, ko suka fifita kuɗin tikiti a kan rai.

Mu dawo gida. Jirgin dogo ɗaya da gwamnatin Rotimi Amaechi ta fara ginawa a Fatakwal ya lashe biliyoyin naira, aka watsar da shi bayan sauyin gwamnati a 2015 ba tare da ya fara jigilar jama'a ba. A nan Arewa mun ga madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a 1988, mun ga ta Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, ruwa ya shanye sassa masu yawa na Maiduguri, har namun dajin gidan zu na Sanda Kyarimi suka mutu, wasu suka bazu cikin gari. Halinmu ɗaya ne a ko'ina: muna son bikin buɗewa, da yanka kyalle, da allo mai ɗauke da sunan mai girma, amma ba mu son kashe kwabo kan man giris da fenti da albashin mai dubawa, domin ba a kiran 'yan jarida ranar da aka ƙara wa ƙusa ƙarfi.

Wani zai ce ina ruwan Jahun da jirgin sama-da-ƙasa, alhali babu ko ɗaya a Jigawa. Ruwanmu biyu ne. Na farko, 'ya'yanmu ne ke cika motoci zuwa Dutse da Kano da Kaduna duk Sallah, su ne ke hawa waɗannan kaya. Na biyu, lilon ƙarfe da shillo mai juyawa da ake kafawa a filayen garuruwanmu lokacin bukukuwa, waɗanda masu walda na gida ke haɗawa, dokar nauyi da tsatsa da ke kansu ita ce ke kan jirgin Disney. Yanayinmu ma ya fi tsanani: ƙurar hunturu tana shiga boris ta cinye shi, zafin bazara yana busar da roba, damina kuma tana zaizaye gindin ginshiƙi, musamman a ƙasa mai rairayi da yawan ambaliya irin tamu. Ga shi kuma a ranar Sallah, lokacin da kayan suka fi shan wahala, ake ɗora yara goma a kujerar mutum shida.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Jigawa da ta yi doka, tun kafin manyan wuraren wasa su yawaita a Dutse, cewa babu na'urar da za ta ɗauki mutane don nishaɗi sai da takardar shaidar dubawa daga injiniya mai rajista da majalisar COREN, wadda za a sabunta duk shekara, a kuma liƙa ta inda kowane uba zai gani. Mai dubawar kada ya zama ma'aikacin mai wurin. A Florida doka ta ƙyale manyan wuraren wasa masu ma'aikata dubu ko fiye su riƙa duba kansu, abin da ya daɗe yana jawo suka. Bai kamata mu kwaikwayi wannan ba. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da ta jiha a Dutse, waɗanda za su iya horar da matasan da za su yi wannan aiki.

Sannan kowace na'ura ta kasance da littafin da ake rubuta ranar da aka duba ta, da abin da aka canza, da sunan wanda ya sa hannu. A rubuta adadin mutanen da take ɗauka da ƙa'idojin hawa da Hausa, a boko da ajami, domin gargaɗin da aka rubuta da Turanci ga mutanen da ba su karanta shi ado ne kawai. Ƙananan hukumomi, waɗanda ba sa mantawa da karɓar kuɗin fili daga masu lilo, su riƙa tura ma'aikacin sashen ayyuka ya duba kafin a ɗora yaro na farko. Masu wuraren kuma su sani cewa rufe na'ura kwana biyu don dubawa ya fi arha a kan diyyar rai guda.

Mu iyaye ma akwai namu. Na san za a ce kowa da ranarsa, kuma haka ne. Amma Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Tambayar mai lilo yaushe aka duba kayansa ba rashin tawakkali ba ne, ba kuma neman rigima ba ne. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yarana sun huce kafin mu iso Gujungu, kuma na gwammace kukan da suka yi a mota da wanda da ni zan yi. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon jin gargaɗi tun yana da amfani.