Raddi ga masu cewa ɗan Adam ƙwayar cuta ne a doron ƙasa

Tun annobar korona a 2020 wata magana ta yi ƙafa har ta iso bakin wasu 'yan bokonmu: wai ɗan Adam ga duniya tamkar bairos yake ga jiki, ya shiga, ya hayayyafa, ya cinye, ya ƙara gaba. Ɓarnar da suke kuka a kanta gaskiya ce. Ƙiyasin ne ɓatacce.

Sun ce duk inda mutane suka yawaita itace sai ya ƙare. To, su zo jihar Damagaram. Bayan farin 1973 da na 1984 gonaki sun zama fili fetal, iska tana binne shukar hatsi da rairayi. Daga nan manoma suka rungumi sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya yaɗa a Maraɗi. Manomi zai tarar da kututture ya yi toho, ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse saura, ya hana akuya da gatari taɓa su. Gawo ya fi kowa cin moriyar wannan, kuma ya rama alheri: yana zubar da ganye da damina don kada ya tare wa hatsi rana, ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Masu bincike irin su Chris Reij da Mahamane Larwanou sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 da suka farfaɗo a Nijar, kuma gawon ya fi kauri a Magarya da Matamaye da Mirya, inda jama'a suka fi cunkoso. Wace ƙwayar cuta ce jiki ke ƙara lafiya da yawanta?

Sun ce ɓarna ɗabi'armu ce, ba ta canjawa. Bairos kam haka yake, ba shi da niyya, ba ya ko iya haihuwa sai cikin ƙwayar halittar wani. Amma manomin da ya riƙa tumɓuke toho a da, saboda doka tun ta Faransawa ta ce itacen gwamnati ne kuma ma'aikacin gandun daji na iya cin sa tara, shi ne ya koma renonsa da ya tabbata itacen nasa ne.

Kalmar "mu" da suke amfani da ita ma zalunci ce. Hayaƙin kabon na ɗan Nijar bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na tan ba a shekara, na ɗan Amurka ya haura tan 13. Ta yaya za a ɗaura wa mai lambu a bakin tafkin Gidimuni, a Damagaram Takaya, laifi ɗaya da kamfanin kwal?

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne inda maganar ke kaiwa. Cuta kashe ta ake yi, kuma in aka soma neman waɗanda suka yi yawa, matan Nijar masu haihuwa za a fara nunawa da yatsa. Alƙur'ani ya kira mutum halifa, kuma a Suratur Rum ya jingina ɓarnar tudu da teku ga aikin hannunsa, saboda shi mai zaɓi ne da za a tambaya. Malamai da matasanmu, ku bar yaɗa wannan kwatance, ku ambaci mai ɓarna da sunansa.